Kayan Daji a Bodar Jibiya

Mun tashi da asuba, ni da 'yata, amma ba mu bar Katsina ba sai da rana ta fito sosai, don direban da muka ɗauka shata ya ce ko motar za a ba shi kyauta ba ya hawa hanyar Jibiya gari bai waye ba. Haka muka zauna a tsakar gida da mayafanmu muna kallon juna, shayi yana hucewa. Ku da kuke bina a shafin nan kun saba ganin hoton atamfa da leshi, ku tambayi "nawa ne" ku ɓace. Yau ba talla na zo yi ba. Labarin tafiya na kawo muku, kuma akwai abin kunyata a ciki, gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni.

'Yata ta fari, wadda wasunku suka sani tun tana goye a bayana a shago, shekara biyar ke nan tana Turai tana bincike a kan ciwon daji. Wata biyu da suka wuce ta kira ni tana murna, wai aikinsu ya fara nuna alamar nasara. Ta yi ta bayani, rabi Hausa rabi Turanci, ni kuwa ina auna wa wata mata yadi. Kalma biyu kaɗai suka zauna mini a kai, fitila da daji. Tana ajiye waya na danna na ɗauki murya na tura zauren danginmu: "Ku taya ni murna, ɗiyarku ta gano maganin daji, ba yanka ba allura, fitila kawai ake haska mutum da ita." Har guɗa na rangaɗa a ƙarshe. Wallahi na yi.

Muryar nan ta ƙetare boda ba fasfo, ta sauka a Ɗan Issa, a wayar Yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda aure ya kai can tun ina 'yar firamare. Abin da ban sani ba shi ne Yaya tana da ƙullutu a nono, likitocin Maraɗi sun duba sun ce daji ne, har sun sa mata ranar da za ta koma a fara aiki. Ta ɓoye mana. Kuma kun san abin da muka taso muna ji a bakin tsofaffi, wai daji ba ya son ƙarfe, in allura ko wuƙa ta taɓa shi sai ya haukace ya bazu. Yaya ta yarda da wannan magana har cikin ranta. Da ta ji muryata sai ta ce Allah Ya kawo mafita, tunda haske ba ƙarfe ba ne. Ta naɗe takardun likita ta cusa a ƙarƙashin katifa, ta zauna jiran 'yata ta zo hutu da fitila. Sai makon jiya surukarta ta kira ni a ɓoye ta faɗa mini.

'Yata ta sauka ranar Alhamis. Na bari ta ci ta huta, ranar Juma'a na faɗa mata. Na zaci za ta yi faɗa, don da ni ce da duk unguwa ta ji. Cokali kawai ta ajiye, ta ce, "Umma, gobe za mu je mu taho da Inna." Haka take kiran Yaya. Na ce to ko 'yar fitilar nan mai jan haske da take nuna rubutu da ita a allo, ta ɗan haska wa Yaya hankalinta ya kwanta, daga baya a lallaɓa ta zuwa asibiti. Ta dube ni ta ce ba za ta yi wa Inna ƙarya da haske ba. Na ja bakina na yi shiru, abin da ba kasafai yake faruwa ba.

To, ga mu a hanya. Rabona da hanyar Jibiya ya fi shekara uku, kuma damina ta yi mata kyau. Gero ya kai kafaɗar mutum, wake ya shimfiɗu a ƙarƙashinsa, ko'ina kore shar. Sai dai na lura gonakin bakin titi ne suka sha noma, in ka miƙa ido can nesa sai ciyawa ta cinye kunya. Na tambayi direba, ya ce, "Hajiya, can ciki ai sai da izinin masu wurin." Bai ƙara ba, ni ma ban nemi ƙari ba. Mu asalinmu 'yan Mazanya ne, gonar mahaifinmu tana can, kuma na san shekara nawa rabon da wani namu ya sa mata fartanya.

Shingaye kuwa, na fara ƙirgawa na gaji na bari. Wani da buhunan yashi, wani da tsofaffin tayoyi, wani katako ne mai ƙusoshi da ake ja da igiya. Direbanmu ya san kowa. Wannan ya kira shi oga, wancan ya tambaye shi jikin tsohuwa, mu wuce. A Daddara muka tsaya na sayi ƙosai, na ce wa mai suyar, baiwar Allah, wannan ƙosai ne ko ƙwallon goriba aka rage wa girma? Ta ce in je in tambayi kuɗin wake da mai in dawo mu yi magana. Na ba ta gaskiya. Amma yajinta ya yi daɗi, na ƙara na biyu.

'Yata ba ta ci ba. Tana kujerar baya da jaka a cinya, tana ta motsa baki ita kaɗai. Ashe bayanin da za ta yi wa Yaya take haɗawa da Hausa, yana kufce mata. Ta ce, "Umma, yaya ake cewa ƙwayoyin da ke koya wa garkuwar jiki gane cuta?" Na ce ni ina na sani, ni da na ji fitila na yi guɗa? Ta ce ta tsaya gaban manyan malamai a can ta yi bayani ba ta ji komai ba, amma Inna take tsoro, don in Inna ta ce a'a sau ɗaya, ko limamin gari ba ya juya ta. Wannan kam gaskiya ne, tare muka tashi, na san ƙanwar wa nake.

Muka isa Magama da hantsi. Wanda bai taɓa zuwa ba, nan ne hanyar Maraɗi take rabuwa, nan ne bodar take. Manyan motoci sun yi layi an lulluɓe su da tamfol, direbobinsu sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashi suna dafa shayi, ka gansu ka san sun kwana biyu a wurin. 'Yan canji suna kaɗa sefa da naira a hannu suna kiran mutane. 'Yan dako suna tura baro. Mata da trayen dabino, da cuku irin na Nijar mai faɗi kamar takarda, da ƙwan zabi dafaffe. Hausar ma ta sauya, nan "tahi" ake yi, "mi kake so" ake tambaya, ka ji ana duwan, wato kwastan, ana jandarma. Na ji kamar Yaya ce ke magana ta kowane ɓangare.

Direba ya ajiye mota ya ce mu sauka a duba mu. Wani jami'i matashi ya karɓi katunanmu, ya nuna jakar 'yata ya ce mene ne a ciki, kuma wace sana'a take yi. Tambayar ita aka yi wa. Amma kun san ni. Na gyara mayafi na matso, ƙirji a gaba, na ce, "Yallaɓai, ai wannan da kake gani aikin daji take yi. Shekara biyar tana kansa. Jakar nan duk kayan daji ne."

Jama'a, ban taɓa ganin fuska ta sauya da sauri haka ba. Ya ja da baya taku ɗaya, ya ɗaga hannu, sai ga wasu biyu sun taso. Direbanmu ya dafe kai ya ce, "Innalillahi, Hajiya kin kashe mu." A lokacin ne ya faɗo mini. A Katsina cikin shagona, in na ce daji ciwo nake nufi. A Jibiya in ka ce daji, kowa ya san su wa ke ciki, kuma mai kai musu kaya ya fi su laifi a idon mutane. Na buɗe baki in gyara, sai na ƙara ɓatawa, na ce, "A'a, ba wannan dajin ba, nata da fitila ake yi." Aka zuge jakar, ga kwamfuta, ga takardu, ga kuma 'yar fitilar nan. Jami'in ya danna, jan ɗigo ya sauka a bango.

Ban ga laifinsu ba ko kaɗan, aikinsu suke yi, kuma a wurin da suke dole su yi shi. Laifin bakina ne, karo na biyu cikin wata biyu. Aka ce mu shiga rumfa. Kafin mu zauna mutane sun taru, direbobi, 'yan dako, masu talla, kowa yana leƙe yana son ganin matan da aka kama da kayan daji. 'Yata kuwa ta ciro katin wurin aikinta ta miƙa da hannu biyu.

Babbansu ya fito, dattijo mai furfura a gemu. Ya karanta katin, ya juya bayansa, ya duba takardun, ya ga hotunan ƙwayoyin cuta. Sai ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Hajiya, a garin nan ana cewa ciwon daji, ba a yanke masa kai." Aka kwashe da dariya, har wanda ya ja da baya. Na ce na tuba, na bi Allah na bi ku. Na zaci shi ke nan za mu wuce. Sai dattijon ya ja benci ya zauna, muryarsa ta sauka, ya ce wa 'yata mahaifiyarsa da wannan ciwon ta tafi. Ya ce in ba damuwa, ta faɗa masa da Hausa, me fitila za ta yi wa daji?

'Yata ta dubi taron, ta dubi motocin da ke layi, sannan ta miƙe tsaye. Ga abin da ta ce, gwargwadon yadda na riƙe, kuma wannan karon na saurara da kunne biyu.

"Jikin mutum yana da sojojinsa masu kashe cuta. Matsalar ciwon daji ita ce ɗan gida ne, daga naman jikin mutum yake tashi, shi ya sa sojojin suke wuce shi ba su gane shi ba. Rigakafin da muke aiki a kai kamar hoton ɓarawo ne da ake aika wa sojojin. Allurarsa ake yi a fata. A cikin fata akwai 'yan aike da ke karɓar hoton, amma sai su kulle shi a wata 'yar jaka a cikinsu, yawancinsa ya lalace a nan bai kai inda ake so ba." Ta nuna layin motocin. "Kamar kayan can. Sun iso, mai su yana jira, amma suna ɗaure."

Direbobi suka yi shewa. Wani ya ce, "Wallahi kwanana tara!"

Ta ci gaba. "To sai muke haɗa rigakafin da wani magani wanda ba ya yin komai sai haske ya taɓa shi. Shi kuma yana zuwa ya manne a jikin jakar nan. In an ba shi lokaci ya zauna, sai a haska wurin allurar da fitila ta musamman, ba irin wannan ta hannuna ba. Maganin ya farka ya huda jakar, hoton ya fito, sojoji masu kisa su gani, su bazama neman mai wannan fuska."

Wani direba Bamaraɗe mai rawani ya ce, "Ashe hitilar nan sa hannun oga ce, shi ka sakin kaya." Dattijon ya yi dariya har da buga gwiwa. Ni kuwa ina gefe, kaina ya yi girma har ina jin mayafina ya matse ni. Yarinyar da na yi wa kitso a bakin shago, yau ga ta ta tsayar da boda, manyan mutane sun buɗe baki suna kallonta, kuma da Hausar da aka ce ta manta. Na ce a raina, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, bakin nan gado ne, sai dai ita nata da linzami.

Bamaraɗen nan ne ya yi tambayar da ta juya ranar. Ya ce yana da ɗan'uwa kwance, in ya kawo shi ina za a haska shi? 'Yata ta girgiza kai. Ta ce a ɓeraye sun ga hasken yana ƙara wa rigakafin ƙarfi, a mutane kuwa an fara gwadawa kaɗan-kaɗan don a tabbatar ba ya cutarwa. Ta ce, "Bai zama maganin da za a je asibiti a karɓa ba, kuma ban san shekarar da zai zama ba. Wanda yake da ciwon yau, don Allah kada ya jira mu. Ya je asibiti a yi masa abin da ake da shi."

Daga bayan taron wata murya ta ce, "Ke nan babu hitilar?"

Ko a mafarki na san muryar nan. Mutane suka dare, sai ga Yaya tsaye da kwando a hannu, ta ɗaura atamfar da na aika mata da sallah. Ta rame, wuyanta ya fito. Ashe da ta ji muna tafe ta kasa jiran mu iso Ɗan Issa, ta hau kabu-kabu, wato acaɓa, ta zo tarye mu a boda. Har ta ce wa mai babur ya jira ta, yanzu za a haska ta su koma. Hayaniyar da bakina ya tara ce ta jawo ta rumfar, kuma duk abin da 'yata ta faɗa a kunnenta. Duk shirin da aka yi a mota na yadda za a bi da ita a hankali ya tashi a banza. Ta ji gaskiyar tsirara, a gaban direbobi.

Dattijon mutum ne mai hankali. Ya dube mu mu uku, ya gane, ya miƙa mana katunanmu, ya kori taron. Muka koma gindin wani dogonyaro inda wata mai fura ta ba mu tabarma. Yaya ta ajiye kwandon a tsakiya, ƙwan zabi ne da cuku, tukuicin da ta kawo wa mai magani. Ba ta dube ni ba. Na ce, "Yaya, ni na jawo, ki yafe mini." Ta ce, "Ke dai tun kina ƙarama ba ki jin ƙarshen magana." Daga nan ta juya tana kallon wajen da mai babur ɗinta yake tsaye. Na san wannan kallon. In ta miƙe ta hau babur ɗin nan, ba za mu ƙara samunta ba, kuma takardun nan za su ruɓe a ƙarƙashin katifa. Na ji tsoro irin wanda ban ji ba ko a rumfar jami'ai.

'Yata ta matsa kusa da ita har gwiwoyinsu suka haɗu. Ba ta kawo wani dogon bayani ba. Ta ce ita ba likitar duba marasa lafiya ba ce, aikinta shuka ce da ba ta nuna ba, mai jin yunwa yau kuwa abin da ke rumbu yake ci. Yaya ta ce, "Rumbun naku ƙarhe ne a ciki." 'Yata ta ce e, akwai allura, wataƙila har da tiyata, ba za ta ɓoye mata ba.

Yaya ta juyo ta kafe ta da ido. "Na ji kin ce naki ma da allura aka farawa. Ke da hannunki kin taɓa yi ma mai daji allura?"

"Kullum, Inna. Ɓeraye masu ciwon."

"Kusu?" Haka suke kiran ɓera a can. "To ni kusu ce?"

Mai furar ta tuntsire da dariya ta rufe baki. 'Yata ma ta yi murmushi, ta ce a'a, amma a jikinsu ake fara gani. Yaya ta ce to da aka soka musu ƙarfen, dajin ya haukace? 'Yata ta ce bai haukace ba. Ta ce a kowane gwaji sukan ware wasu ɓerayen a bar su ba a yi musu komai ba, don a kwatanta, kuma a irin aikin da ta gani da idonta, nasu ciwon ne yake fin saurin girma.

Yaya ta ɗauki ƙwai ɗaya daga kwando tana juya shi a tafin hannu. Can ta ce, a hankali, kamar da kanta take magana, "Ashe wata biyu ni ce kusun da anka bari."

Ni dai a nan hawaye suka ƙwace mini. 'Yata ba ta yi kuka ba, hannun Yaya ta kama ta riƙe. Ta ce hutunta wata ɗaya ne, kuma duk ranar da za a yi wa Inna allura a cikin watan nan tana tsaye a gefenta, in an yi abin da ba ta gane ba za ta tambaya har sai ta gane, ta faɗa mata da Hausa.

Yaya ta ɗaga hannu ta yafito mai babur. Ya zo ya durƙusa. Ta ce, "Tahi. Ka ce ma yara su ba awaki ruwa, na wuce Katsina." Na ce, "Yaya, kaya fa? Ko ɗankwali ba ki ɗauko ba." Sai a lokacin ta dube ni tun da muka zauna. Ta ce, "Ba shagon atamfa gare ki ba? Ke kinka ja mini wanga, ke za ki tufatar da ni." Na ce ko shagon duka take so na ba ta.

Ke nan tafiyar da muka shirya ta Nijar a Magama ta tsaya, ƙafata ba ta taka Ɗan Issa ba. Muka sha fura mai sanyi, wadda aka dama da nonon da ba a yi wa ha'inci ba, irin wadda na manta ɗanɗanonta a birni. Yaya ta kira babban ɗanta ta sanar da shi, surukarta ta ɗaga katifa ta ɗauki hoton takardun ta turo. Da za mu shiga mota muka bi ta gaban rumfar. Dattijon ya ɗago ya ce, "Hajiya, yanzu kuma me kika ɗauko?" Na ce, "Yallaɓai, Yayata ce, kuma daga nan ban ƙara ko kalma ɗaya." Ya ce Allah Ya ba ta lafiya, ya ce wa 'yata Allah Ya sa a gama aikin nan da ita. Bamaraɗen nan ma ya biyo mu har mota yana tambayar wane asibiti zai kai ɗan'uwansa. Yaya ta ba shi ƙwai uku.

A hanyar dawowa Yaya ce a gaba, ni da 'yata a baya. Da muka zo saitin hanyar da ke shiga wajen garinmu ta sa direba ya rage gudu, ta daɗe tana kallo, ta ce geron bana ya yi kyau. A kowane shinge direba sai ya waiwayo ya ce, "Hajiya, don girman Allah ni zan yi magana." Muka shiga Katsina ana kiran la'asar.

Ranar Litinin muka kai Yaya asibiti. Ba zan yi muku irin ta da ba, ga yadda likita ya faɗa: ƙullutun ya ƙaru, jinkirin ya yi ɓarna, amma har yanzu akwai abin da za a iya yi, za a fara da magani kafin a yi maganar tiyata. Sauran yana hannun Allah. Da ma'aikaciyar jinya ta zo ɗibar jini, Yaya ta dubi allurar, ta dubi 'yata, ta runtse ido ta miƙa hannu. Ni a bakin ƙofa na tsaya, don na kasa kallo.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai yawa ba ne, amma ya shige ni. Magana zarar bunu ce, na sani tun da, sai dai ban san wadda aka faɗa don murna ma tana iya kwantar da mutum ba. Na koyi cewa kalma ɗaya tana da fuska biyu tsakanin Katsina da Jibiya, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba. Kuma na gane abin da ya kamata in yi alfahari da shi. Da ina taƙama 'yata ta gano magani. Yanzu ina taƙama da cewa an ba ta taro, an ba ta dama ta zama gwana, uwarta ma ta roƙe ta ta ɗan haska, ta tsaya ta ce bai nuna ba tukuna. Aikinsu na haske yana nan yana tafiya, ina yi masa addu'a kullum, kuma ranar da ya nuna za ku ji guɗata har Maraɗi, amma sai ita ta ce in yi.

Da muka dawo daga asibiti na ɗauki waya zan tura wa dangi gyaran maganata. Na fara, "Assalamu alaikum, game da muryar da na tura kwanaki," sai Yaya ta miƙo hannu, wanda aka manna wa auduga, ta karɓe wayar. Ta ce, "Ku ji, ni ce. Ɗiyarmu ba ta zo da hitila ba, ni ta zo ɗauka, kuma ta ɗauke ni. An soka mini ƙarhe yau da sahe, ga ni zaune ina cin tuwo. Mai ciwo shi tahi likita."

Na sa muryar a ƙasan rubutun nan da izininta. Duk wanda ya tura ta farkon, don Allah ya tura wannan ta bi sawunta.